Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Wane Inji Za A Ɗora Wa Wannan Ƙwarangwal?

Assalamu alaikum, jama'a. Makon jiya mun tsaya a kan teburin walda, an yanka bututun ƙarfe an jera su, ba a kai ga ɗinke su ba. Da gangan na tsaya a nan. Wannan makon na ajiye labarin kaina a gefe, maganar inji za mu yi zalla, domin duk wanda ya gama waldar shasi, wato ƙwarangwal ɗin mota, bai san injin da zai saka ba, to ya tanadi giranda, zai dawo ya yanke abin da ya ɗinka da hannunsa.

Ga wanda bai faro da mu ba, motar da ake magana ita ce wadda ake kira Locost, kwaikwayon Lotus Seven da Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957. Kujera biyu, babu ƙofa, babu rufi. Shasinta bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa inci 1, kaurinsa milimita 1.6, kuma idan an gama ta nauyinta kan tsaya tsakanin kilo 550 da 700. Tsarin da Ron Champion ya wallafa a 1996 ya ɗauka cewa kana da tsohuwar Ford Escort mai ja da ƙafar baya, da ɗan ƙaramin injinta na Kent. Wannan Escort ɗin ba a sayar da ita a Amurka ba. Shi ya sa mai ƙera ta a nan Amurka yake komawa ga injinan gida, wato na Ford da General Motors, waɗanda suka cika filayen gwangwan, kuma duk garin da ka shiga za ka samu gasket da famfon ruwansu a kanti ranar da ka nema. Filayen nan kamar Panteka ta Kaduna suke, sai dai a wasunsu kai za ka shiga da sifanarka ka kwance abin da kake so, a ƙofa ka biya.

Kafin ka tambayi ƙarfin doki nawa, ɗauki tef ɗin awo. Tsayin inji shi ne babbar matsala, ba faɗinsa ba. Ka auna daga gindin kaskon baƙin mai, wanda makanikanmu ke ce wa botom filet, har zuwa saman murfin top silinda, ka haɗa da marfin zuba mai da bututun iska idan sun ɗara. Motar nan tazararta da ƙasa inci 4 ne zuwa 5. Idan ka sauke inji don bonet ya rufe, kaskon mai ne zai fara gaisawa da kwalta. Idan ka ɗaga shi, ya fasa bonet ya tare maka hanya. Abin da magina suka saba yi shi ne kada kaskon ya leƙo ƙasa da shasi fiye da inci 1. Saboda wannan matsin ne Jim McSorley ya zana shasin da ake kira 442, wanda ya ƙara inci 4 a faɗi, inci 4 a tsawo, inci 2 a tsayi. Kusan duk injin Amurka da zan ambata ya fi sakewa a cikin wannan.

Abu na biyu shi ne akwatin giya, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. Inji mai arha ya cika gari, amma yawancinsu daga motoci masu ja da ƙafar gaba suke, a kwance suke a gicciye. Ita Locost da baya take ja. Saboda haka kafin ka biya kuɗin inji, ka tabbata ka san akwatin giyar da zai ɗauru a bayansa, da filawul da kuloci da kik ɗin da za su yi daidai da juna. Ka kuma duba inda sandar giya ta fito. Direban wannan mota can baya yake zaune, kusan a kan aksil, don haka akwatin a-kori-kura irin na Chevrolet S10, mai sanda a gaba, zai sa hannunka ya riƙa lalube a ƙarƙashin dashbod. Akwatin giyar da ake kira T5 na Mustang ko na Camaro sandarsa na baya, ya fi dacewa.

Mu fara da tsoho. Injin Ford mai lita 2.3 da ake kira Lima, da sunan garin da ke jihar Ohayo inda ake ƙera shi, ya fito tun 1974 a cikin Pinto, ya bi ta Mustang da Ranger. Bulok da top duk ƙarfen zubi ne. Ba ya mutuwa da wuri, ko bel ɗin taimin ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, kuma dama a tsaye yake zuwa da akwatin giyarsa. Amma nauyi gare shi da tsayi, ƙarfinsa kuma doki 100 ne da 'yan kai. Mai turbo na Thunderbird Turbo Coupe na 1987 da 1988 yana ba da doki 190, sai dai yanzu shekarunsa sun kusa arba'in, wayarin ɗinsa ya bushe yana karyewa a hannu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Zetec 2.0 na Ford Focus daga 2000 zuwa 2004 doki 130 ne, bulok ƙarfe, top alminiyom. A Ingila shi ne abin yayi, don akwatin Type 9 na tsoffin Ford ɗinsu yana ɗauruwa kai tsaye. A nan akwatin yana da wuyar samu. Sannan da zarar ka juya injin ya miƙe, gidan tamostat ya koma baya yana tokarar bangon da ya raba inji da direba, dole a ja masa bututun ruwa zuwa gaba.

Wanda zan daɗe a kansa shi ne Duratec mai silinda huɗu. Gaskiyar magana Mazda ce ta zana shi, Ford ta liƙa sunanta, amma a filin gwangwan a layin Ford za ka same shi, kuma da farashin kayan gida. Bulok da top duk alminiyom ne, sarƙa yake amfani da ita ba bel ba. Na 2.3 da ke cikin Ranger daga 2001 zuwa 2011 a miƙe yake zuwa, doki 135 a farko, daga baya 143. Na 2.5 da ke cikin Fusion da Escape ya kai wajen doki 170, ga shi birjik, sau da yawa ya fi na Ranger arha. Akwatin Ranger kam na ɗaukar kaya ne, giyar farko 3.72, wato inji ya juya sau 3.72 kafin furofela ta juya sau ɗaya, a mota mai kilo 600 kafin ka saki kuloci ta ƙare. Na Mazda Miata daga 2006 zuwa 2015 yana ɗauruwa ba tare da wata dabara ba, mai giya biyar ɗin farkonsa 3.14 ne, gajere ne, sandarsa na inda hannu yake.

Duratec ɗin yana da tarkonsa, kuma ya kamata a san su tun kafin a taɓa sifana. Fulin da ke gaban karanshaf ba shi da makulli. Babban noti ne kawai da washa masu kaushi suke riƙe da taimin. Ka kwance notin nan ba tare da ka sa turken da ke tsayar da karanshaf da farantin da ke kulle kamshaf biyu ta baya ba, taimin ya tafi, ranar da ka tayar kuma bawul su lanƙwashe. Notin da washar sababbi ake sawa, ba a maimaita tsofaffi. Na biyu, na 2.5 yana da sandunan rage girgiza a cikin kaskon mai. Masu cire su don rage nauyi da samun wurin gajarta kasko dole su toshe ramin man da ke ciyar da su, in ba haka ba matsin mai ya faɗi, metal ya ƙone. Na uku, salansa, wato bututun hayaƙi, ta dama take fita, bututun shan iska kuma yana hagu, wato gefen direba a nan Amurka, daidai inda sandar sitiyari da tukunyar birki suke neman wuri. Ka ɗora injin a kan katako a cikin shasin da aka ɗiga wa walda kawai, ka zura sandar tsintsiya a matsayin sitiyari, ka ga ko za ta wuce.

Duk kaskon da aka gajarta, a yi masa shinge a ciki. Motar nan tana shan kwana da ƙarfin da injin bai saba da shi ba a Fusion, mai yakan gudu gefe guda, bututun tsotso ya sha iska. Daƙiƙa kaɗan sun isa.

A ɓangaren General Motors akwai Ecotec. Na 2.2 a Cavalier da Cobalt yake, a gicciye. Na 2.4 da ke cikin Pontiac Solstice da Saturn Sky doki 177 ne a farkon fitowarsa, a miƙe yake, da akwatin Aisin mai giya biyar, mai turbo 2.0 kuma doki 260. Inji ne mai kyau, amma dogo ne, kuma toturinsa na lantarki ne, sai ka kwaso feda da kwamfutarsa tare. Sai V6 3.4 mai silinda shida na Camaro daga 1993 zuwa 1995, doki 160, da T5 a bayansa. Siriri ne saboda kusurwarsa digiri 60 ce, yana ja tun daga ƙasa, amma ƙarfen zubi ne, kuma salansa biyu na nufin ɗaya za ta gasa maka ƙafa.

V8 mai silinda takwas fa? Kullum sai an tambaya. Ford 5.0 na Mustang doki 225 ne, kuma ana sa shi. Amma sai an ƙara wa shasi ƙarfe, an girmama lagireto da birki da aksil, wurin ƙafa ya matse har feda uku su rasa inda za su zauna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Doki 150 a kilo 600 ya wadaci mutum ya tsorata kansa.

In da hali, sayi mota sukutum wadda ta yi hatsari ta baya ko ta gefe, maimakon inji tsirara. Za ka ji kukansa kafin ka kwance, ka gwada matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Za ka kuma samu wayarin da kwamfuta da makulli a haɗe. Wannan na da muhimmanci, domin tsarin hana sata na Ford mai suna PATS ba ya barin inji ya tashi idan kwamfuta ba ta ga makullinta ba. Wanda ya rasa su sai ya koma kwamfutar kasuwa irin Megasquirt, ya zauna saita mai da wuta da kansa.

Takardu ma suna da ta cewa. Kowace jiha da dokarta kan motar da aka haɗa a gida, wata tana bin shekarar inji wajen gwajin hayaƙi, wata shekarar da motar ta kwaikwaya. Kalifoniya tana da dokar SB100, mai ba motoci 500 kacal sassauci a shekara. Ka ajiye rasit ɗin inji mai ɗauke da lambar motar da aka ciro shi, ranar rajista za a tambaya.

A nawa ganin, Duratec 2.5 da akwatin Miata mai giya biyar a cikin shasin 442 shi ne haɗin da ya fi sauƙin kaiwa ga titi. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma baya mu duba aksil, tsakanin Ford 7.5 da 8.8, da yadda ake auna furofela kafin a kai a yanke.