Yadda Muka Raba Shara a Gidan Haya Mai Shaguna a Garki

Gidan da nake kula da shi a Garki a madadin kawuna yana da 'yan haya masu iyali a sama, a ƙasa kuma akwai gidan abinci da kemis da tela da mai gyaran waya. Irin wannan gini yana shiga rukuni biyu a idon hukumar kare muhalli ta Abuja, wato AEPB, wadda dokar 1997 ta ɗora wa alhakin tsabtar birnin. Hukumar ta bambanta sharar gidajen zama da ta wuraren kasuwanci, kuma takardar kuɗin da take aikowa tana bin wannan bambanci, domin kuɗin shago daban yake da na ɗakin kwana. Sharar asibiti da ta gine-gine kuwa ba a haɗa su da waɗannan. Kwasar kanta 'yan kwangila ne ke yi, kowanne da yankin da aka ware masa, kuma yawancin abin da suka ɗauka a jujin Gosa yake ƙarewa.

Abin da na fahimta bayan na fara aikin shi ne, rabon hukuma yana kallon wanda ya zubar da sharar ne, alhali mai sayen kayan da za a sake sarrafawa yana kallon abin da aka zubar. Idan motar shara ta zo, da buhun mai abinci da ledar matan sama duk ciki ɗaya ake tura su a matse. Saboda haka duk wanda yake son wani abu ya koma masana'anta, tilas ya cire shi tun kafin ya isa mazubin bakin ƙofa.

Da gidan abinci na fara, domin daga nan nauyi da wari suke fitowa. Hajiya mai abincin ta ce hannun yaranta a cike yake, ba su da lokacin tsince-tsince, sai muka tsaya a kan abu ɗaya kawai: jiƙaƙƙe daban, busasshe daban. Ɓawon doya da ƙanzo da ragowar tuwo da ganye suna shiga durom mai murfi, wani mai kiwo kuma yana zuwa da yamma ya ɗebi abin da dabbobinsa za su ci. A ganina wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci, domin kwalin da miya ta zuba a kansa ya tashi daga kaya ya koma shara, robar da manja ya ɓata ma sai an rage mata kuɗi.

Busasshen ne ke da rassa, kuma 'yan jari-bola ne suka koya mini su, ba takarda ba. Gorar ruwa da ta lemo, wadda ake buga lamba 1 a gindinta, buhunta daban, domin niƙa ta ake yi a sarrafa ta zuwa zare ko sabuwar gora. Jarka da gorar man shafawa masu kauri, masu lamba 2, su ma gefe guda. Gwangwanin lemo na alminiyum ya fi na madara da na tumatir daraja nesa ba kusa ba, kuma maganaɗisu ne alƙali, tunda yana kama na madara, ba ya kama na lemo. Ledar fiya-wata tana da masu saye, amma sai ta bushe, sannan ba ta da nauyi a sikeli, shi ya sa mutane ke saurin gajiya da tara ta. Kwali ana buɗe shi a ɗaure a ajiye inda ruwan sama ba ya kaiwa. Ƙyallayen tela kuwa masu yin matashi suna karɓa.

A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana 'yan jari-bola yawo a unguwanni saboda satar ƙarafa da murafen kwalbati, aka taƙaita su a juji, aka kuma rufe kasuwannin panteka na wani lokaci. Dalilin a fili yake, sai dai mu masu tara kaya dole muka canja tsari. Yanzu maigadi ne ke tara buhunan a lungun bayan gida, idan sun yi yawa ya kai wa dila a auna, kuɗin kuma nasa ne. Tun da na bar masa kuɗin ban sake tunatar da kowa ba, shi ne ke bin matan sama yana cewa, “Hajiya, a taimaka a ware mini gorunan nan.”

Inda ban yi sassauci ba shi ne kemis da shagon waya. Allura da sirinji suna shiga kwalin nan mai kauri da ake ajiye su a ciki, mai kemis kuma yana miƙa shi ga wani asibiti da ke da hanyar ƙonawa, domin yaran da ke tonon juji da hannu suke yi. Batirin waya kuma, musamman wanda ya kumbura, yana iya kamawa da wuta idan motar shara ta matse shi, don haka mai gyara yana tara su a bokitin ƙarfe da yashi a ciki, nesa da janareta. Na sa waɗannan sharuɗɗa biyu a takardar haya, kuma kowane sabon mai shago sai ya sa hannu a kansu kafin in ba shi makulli.