Abin da Kariyar Indiya ta ɓangaren sarki ta koya mini game da matakin ɗan wasa

Na ɗauki shekaru ina koyar da wasan ces, wato darar nan mai gidaje 64 wadda malamanmu suka sani da sunan shaɗaranji, ga ɗaliban wata makarantar sakandare da yamma bayan an tashi daga darasi, kuma ni kaina ina shiga ƙananan gasanni idan hali ya yi. A cikin salon buɗe wasa da na yi nazari, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar wanda ake kira Kariyar Indiya ta ɓangaren sarki, kuma babu wanda na yi kuskure wajen koyar da shi kamarsa. Sai da na ga yadda ya kasance a hannun yaro ɗan koyo, da yadda ya kasance a hannuna, da kuma yadda yake kasancewa a hannun gwanayen duniya, sannan na gane cewa tambayar da nake yi tun farko, wato ko salon yana da kyau ko ba shi da kyau, ba ta cika ba matuƙar ba a faɗi wanda zai buga shi da wanda za a buga da shi ba.

Tsarin bai da wuyar bayani. Mai farare yana tura dakarunsa zuwa gidajen d4 da c4 da e4 (ana kiran kowane gida da harafin layinsa na tsaye, daga a zuwa h, da lambar layinsa na kwance, daga 1 a gefen farare zuwa 8 a gefen baƙaƙe), ya mamaye tsakiyar allo, shi kuwa mai baƙaƙe ba ya tare shi a nan take. Yana fitar da doki zuwa f6, ya matsar da dakare zuwa g6, ya ajiye bishof a g7 inda zai riƙa leƙen doguwar hanyar da ta ratsa allon daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sa dakare a d6, sannan ya shigar da sarkinsa lungu. Wanda ya saba da tsohuwar koyarwa, irin wadda Siegbert Tarrasch na Jamus ya tsaya a kanta, cewa dole ne a dasa dakaru a tsakiya tun takun farko, zai ga kamar mai baƙaƙe ya sallama gonarsa ne tun ba a fara shuka ba. Masu sabon ra'ayin da ake kira haifamodan, waɗanda suka yi tashe a shekarun 1920 irin su Aron Nimzowitsch da Richard Réti da Ernst Grünfeld, su ne suka kawo hujjar cewa ana iya riƙe tsakiya daga nesa, kuma dakarun da suka yi nisa da gida suna iya zama abin hari. Duniya ta fara sauraronsu da kyau a 1924, lokacin da Réti ya doke zakaran duniya José Raúl Capablanca a gasar birnin Niyok na Amurka, alhali Capablanca ya shekara takwas ba a ci shi a wasan gasa ba. Sunan Indiya kuwa ya samo asali ne daga wasannin da Moheschunder Bannerjee ya buga da John Cochrane a Kalkata a tsakiyar ƙarni na 19, inda ya riƙa ajiye bishof a irin wannan gurbi tun kafin Turawa su ɗauki abin da muhimmanci.

Yadda na fahimci salon a yanzu shi ne, mai baƙaƙe bashi ya bayar. Ya ba abokin karawarsa tsakiyar allo da sharaɗin zai dawo ya karɓa, kuma yana da manyan hanyoyi biyu na zuwa karɓa, ko ya tura dakare zuwa e5 ko zuwa c5. Idan ya yi jinkiri, abin da ya bayar ya zama kyauta.

A nan ne na yi wa ɗalibaina ba daidai ba. Na ga cewa takun biyar na farko ana iya buga su kusan ko me abokin wasa ya yi, sai na ɗauka na samar musu mafita daga haddace salo barkatai. Cikin mako biyu kowa ya iya, har suna buga su ba tare da sun ɗaga kai sun dubi ɗaya gefen allon ba, ni kuma ina jin daɗi don na ga sarakunansu sun shige lungu lafiya. Ranar da muka karɓi baƙuncin wata makaranta, na tsaya bayan wani yaro ɗan aji biyu wanda nake sa wa rai ƙwarai. Abokin karawarsa ya jera dakaru huɗu a c4 da d4 da e4 da f4, abin da ake kira harin dakaru huɗu, wanda amsarsa sananniya ita ce a gaggauta tura c5 kafin ginin ya yi ƙarfi. Yaron nawa ya gama takunsa biyar, ya tsaya, ya kai hannu ya janye, sannan ya matsar da wani dakare na can gefe wanda bai tsare komai ba, a taku na gaba ma ya sake yin irin haka. Sai dakaren e4 ya ƙara gaba ya kori dokin f6, dokin ya koma layin baya ya toshe wa hasumiya hanya, bishof ɗin g7 ya zauna yana kallon dakaren da ya tare masa gaba, kuma kafin taku na ashirin kayan yaƙinsa duka sun cunkushe a layuka biyu. Da aka tashi ya zo wurina idanunsa sun yi ja, ya ce, “Malam, ai duk abin da ka ce na yi.” Gaskiya ya faɗa, kuma maganar ta daɗe tana damuna, domin na koya masa yadda ake ba da bashin, ban koya masa ranar karɓa ba.

Da na zauna da su washegari na tambayi dalilin da ya sa ba wanda yake tura e5 a tsarin da aka fi bugawa, wato bayan mai farare ya sa doki a f3 da bishof a e2, sai wata yarinya ta ce ta ƙirga ta ga masu kai wa gidan hari biyu ne, mai tsaronsa ɗaya, don haka asarar dakare ce. Ƙirgarta daidai ce a zahiri, abin da ba ta hango ba shi ne ƙarshen musayar. Idan mai farare ya ci a e5 aka rama, aka yi musayar sarauniyoyi a d8, sannan dokinsa ya ci dakaren e5, to dokin f6 zai ci dakaren e4, kuma tashinsa daga f6 shi ne yake buɗe wa bishof ɗin g7 hanya ya ci dokin da ke e5, a tashi babu wanda ya fi wani. Wannan lissafi ne na taku huɗu a jere, wanda ɗan wasan da bai wuce maki 1200 ba a ma'aunin Elo, wanda ake auna ƙarfin 'yan wasa da shi, da wuya ya iya riƙe shi a ka, alhali salon gaba ɗaya a kan irin wannan lissafi ya dogara. A wannan mataki, abin da ke raba wasa shi ne wanda ya bar doki ko sarauniya a bakin ci ba tare da ya lura ba, kuma wanda kayansa suke a takure ya fi saurin yin irin wannan sake.

A matakin tsakiya, tsakanin maki 1500 da 2000 a kimantawata, lamarin yana juyewa, kuma a nan ne na ga salon ya fi ba da amfani. Idan mai farare ya rufe tsakiya da d5, allon yana rabuwa gida biyu. Shi zai nufi ɓangaren sarauniya, wato layukan a zuwa d, ya tura c5, ya buɗe layin c, ya nemi kutsawa ta c7. Mai baƙaƙe kuwa zai kawar da dokin f6, ya tura f5, sannan f4, sannan g5 da h5, ya ɗaga hasumiya zuwa f7 ya karkata da ita zuwa g7, har dakarunsa su isa ƙofar sarkin farare. Tsere ne, amma ladan ba ɗaya ba ne, domin wanda ya yi nasara a ɓangaren sarauniya dakare ko hasumiya zai samu, wanda ya yi nasara a ɓangaren sarki kuwa ya gama wasan. Mai baƙaƙe yana da manufa guda wadda ya san ta tun daga gida, mai farare kuwa dole ne ya riƙa kai hari da hannu ɗaya yana tsaro da ɗayan, kuma kuskure guda ya isa ya kayar da shi. Na taɓa buga irin wannan da wani dattijo a wata gasa, ya cinye mini dakaru biyu, dokinsa ya shiga har a8 ya ɗauke hasumiyata, ni kuwa ban waiwaya ba, na tura dakare zuwa g3, na sadaukar da bishof ɗin c8 a kan h3, sarauniya ta bi ta kafar da aka buɗe. Ya daɗe yana duban allon kafin ya miƙo hannu, ya ce, “Malam, na cinye maka rabin gida, ban ga ta inda wutar ta kama nawa ba.” Na ce masa, “Baba, da ka riga ni da taku ɗaya, da ni ne zan faɗi haka.”

Wannan tsarin ana kiransa da sunan Mar del Plata, garin da ke gaɓar teku a Ajantina, inda Svetozar Gligorić na Yugoslabiya ya doke Miguel Najdorf da shi a 1953. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne, a wannan shekarar dai Najdorf ya je gasar Zurich a Suwizalan, ya riƙe baƙaƙe, ya ɗauki makamin da aka sare shi da shi ya doke Mark Taimanov. Kafin nan David Bronstein da Isaac Boleslavsky na Tarayyar Sobiyet sun riga sun nuna a shekarun 1940 cewa salon da ake yi wa kallon mai rauni yana da haƙora, daga baya kuma Bobby Fischer da Garry Kasparov suka riƙe shi a matsayin babban makami.

Sai dai nasarar da na samu a kan tsararrakina ta sa na ɗauka na fi ƙarfina na gaskiya, har sai da na fara haɗuwa da waɗanda suka zarce ni da maki ɗari uku ko huɗu. Su ba sa firgita da ganin dakaru suna tahowa. Sun san cewa bishof ɗin g7, wanda ake ta yabo, a rufaffiyar tsakiya yana bayan dakarensa na e5 ne ba ya ganin komai, kuma bishof ɗin c8, wanda bai ko motsa ba, shi ne ran harin. Wani daga cikinsu ya tura dokinsa zuwa g5 sannan e6, ya tilasta mini na ci shi da wannan bishof ɗin, kuma daga lokacin harin nawa ya mutu, aka bar ni da ramuka a fararen gidaje ina tsaro har wasan ya ƙare. Wani kuma ya yi musayar sarauniyoyi tun a taku na takwas, ya ja ni zuwa ƙarshen wasa mai sanyi wanda ban taɓa ba shi lokaci a karatuna ba, domin ni harin kawai na je nema.

Abin da ya same ni ƙaramin hoto ne na abin da ke faruwa a ƙololuwa. Vladimir Kramnik ya doke Kasparov a gasar Novgorod ta Rasha a 1997 da tsarin tura dakare zuwa b4 a taku na tara, wanda yake sa harin ɓangaren sarauniya ya riga na ɓangaren sarki, kuma bayan wannan lokaci Kasparov ya daina dogaro da salon. Da manhajojin kwamfuta suka yi ƙarfi, sai suka riƙa nuna cewa faɗin filin da mai farare yake da shi fifiko ne na gaske, suka kuma taimaka wa masu shiri wajen gano takun tsaro waɗanda mutum ba zai hango su a gaban allo ba yayin da agogo ke tafiya. Duk da haka salon bai mutu ba. Teimour Radjabov na Azarbaijan ya daɗe yana buga shi da manyan gwanaye, Hikaru Nakamura na Amurka kuma ya doke Boris Gelfand da shi a gasar ƙasashe da aka yi a Bursa ta Turkiyya a 2010, a wani wasa da ya riƙa barin sarauniyarsa a bakin ci yana ci gaba da hari. A ganina, a wannan mataki salon ya zama makamin ranar da ake neman nasara ko ta halin ƙaƙa, ba abincin kullum ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, wanda zai buga shi sai ya kwana da shirin taku ashirin ko fiye.

Akwai masu duba alƙaluman wasanni a Lichess, dandalin wasan ces na intanet, inda ake iya tace sakamako bisa makin 'yan wasa, su yanke hukunci daga nan. Alƙaluman suna da amfani, amma ina yi musu kaffa-kaffa, domin ba sa bambanta wanda ya zaɓi salon bayan ya yi watanni yana nazarinsa da wanda ya haddace taku biyar kamar ɗalibaina, kuma wasan minti uku, inda mai kai hari yake cin moriyar ruɗewar mai tsaro, ba ɗaya yake da wasan sa'o'i huɗu ba.

Yanzu duk wanda ya shigo ajina sabo, yakan yi zango guda yana tura e5 idan mai farare ya buɗe da e4, d5 kuma idan ya buɗe da d4, har sai ya ɗanɗana da hannunsa abin da riƙe tsakiya yake bayarwa, domin ban ga yadda mutum zai san darajar abin da yake sallamawa ba idan bai taɓa mallakarsa ba. Kafin na yarda ya koma ga Kariyar Indiya, nakan jera masa matsayi uku a allo, na harin dakaru huɗu, da na f3 wanda ake kira da sunan Friedrich Sämisch, da na doki a f3 da bishof a e2, na tambaye shi dakaren da zai tura da kuma abin da zai biyo baya idan an ci shi. Yaron nan ɗan aji biyu ya kai aji biyar yanzu. A zangon da ya wuce na sake tsayawa a bayansa, abokin karawarsa ya sa bishof a e2, shi kuma ya ɗauki kusan minti uku yana motsa leɓe yana ƙirga, sannan ya ɗauki dakaren e7 ya ajiye shi a e5, ya danna agogo.