Ƙafar da ba takalmi

Kalanda ce wani ɗan'uwa ya kawo mana coci a nan Katsina. Shekara ta ƙare, amma ba wanda ya iya jefar da ita saboda hoton da ke jikinta. Sai Baba Fasto ya ce tunda ni ke jan nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, in ɗauke ta in yi wa jama'a bayani a kai.

Zanen Rembrandt ne, mutumin Holan, na dawowar ɓataccen ɗa, labarin nan na Luka sura 15 a Littafi Mai Tsarki, na ɗan da ya karɓi rabonsa na gado ya tafi ya ɓatar, sannan ya dawo wurin mahaifinsa. Ainihin zanen yana gidan tarihi na Hermitage a Rasha, tsayinsa ya fi mita biyu da rabi. Labarin kuwa na san shi tun ina yaro a Malumfashi, don haka kafin ma in dubi hoton da kyau na riga na rubuta abin da zan faɗa: murna, biki, an yanka kiɓaɓɓen maraƙi.

Daren Talata na shimfiɗa kalandar a kan tabarma, na haska da fitilar waya. Na nemi murnar nan na rasa. Babu mai murmushi ko ɗaya. Ba kiɗa, ba maraƙi, ba taro. Duhu ya cinye fiye da rabin hoton, ɗan hasken da ke akwai ya sauka ne a fuskar tsohon, da hannayensa, da bayan yaron da ya durƙusa. Shirun da ke ciki irin na gidan da aka daɗe ana kuka ne, aka gaji. Na yaga takardata.

Daga nan na bi shi gaɓa gaɓa, ina faɗin abin da idona ya gani kawai. Kan yaron a aske kamar na fursuna. Rigarsa ta zama tsumma, amma har yanzu da 'yar gajeriyar takobi a ƙugunsa. Fuskarsa a kife take a ƙirjin mahaifin, da ƙyar ake ganin gefenta. Ƙafafunsa ne suka fi tsayar da ni: takalmin hagu ya suɓule yana gefe, tafin ƙafar a waje duk tabo, na dama kuma ya cinye har diddige ya fito. Duk wanda ya taɓa tarbar ɗan ci-rani da ya dawo hannu rabbana ya san wannan ƙafar.

Rembrandt ya yi zanen ne a ƙarshen rayuwarsa. Matarsa Saskia ta rasu a 1642, ya karye a 1656 har aka yi gwanjon kayansa, ɗansa Titus ya rasu a 1668, shi ma ya bi shi a 1669. Ina ganin shi ya sa bai zana bikin ba. Mutumin da ya binne ɗansa ya san lokacin da ya fi nauyi shi ne kafin kowa ya buɗe baki.

Ranar Laraba na rataye kalandar, na ce kowa ya duba tukuna. Wata dattijuwa, wadda ɗanta ya tafi Legas shekaru da dama ba labari, ta matso har ta kusa taɓa takardar. Ta daɗe. Sai ta ce, "Malam, tsohon nan ai ba rungumarsa kawai yake ba. Lalubarsa yake, ya ji yadda ya rame."

Na ce, "Mama, ta yaya kika gane?"

Ta ce in dubi idanunsa, kusan a rufe suke, tsufa ya ci su. Da hannu yake gani. Ni na kwana ina kallon hannayen nan, na lura ɗaya ya fi ɗaya kauri, amma ban ga abin da suke yi ba sai da uwa ta nuna mini.

Wani saurayi ya tambaya wane ne dogon mutumin da ke tsaye a dama, da jan mayafi irin na tsohon, ya harɗe hannuwa a kan sanda. Na ce yawanci ana ɗaukarsa wan yaron ne, ko da yake a cikin Luka yana gona lokacin da ƙanen ya iso. Mai zanen ne ya jawo shi ya tsayar da shi kusa, haske na taɓa fuskarsa, ƙafarsa ba ta motsa ba. Ina cikin bayanin muryata ta fara rawa. Ina da ƙane da ya sayar da rabonsa na gonar mahaifinmu ya tafi, ya dawo bara, kuma har ranar ban taka gidan da ya sauka ba.

Mama ta roƙa a ba ta kalandar, Baba Fasto ya ce ta ɗauka. Ta naɗe ta a hankali, ta sa a cikin mayafinta. Ni kuma ranar Asabar na shiga motar Malumfashi.