Kada ka guji 'yan'uwanka a ƙasar mutane

Ƙanena, kai da ka ɗaura niyyar tafiya Jidda neman aiki, zauna in gaya maka inda na yi wauta.

Shekara huɗu na yi a wani gareji a can. Aikin bai taɓa fin ƙarfina ba. Abin da ya kusa karya ni kalma ɗaya ce da ake jifana da ita: takaruni. Daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Sanagal ta samo asali, da ita aka san alhazan yammacin Afirka tun da daɗewa, amma a bakin wasu ta koma zagi. Ka shiga kanti, a bi ka da ido har ka fita. Ka tsayar da tasi, direba ya leƙa fuskarka ya wuce. Mutanen kirki suna da yawa, wallahi, sai dai wulaƙanci guda shi ke kwana da mutum.

Wautata ita ce na guji Hausawa. Gani nake in aka gan ni cikinsu a unguwar Karantina za a ɗauke ni marar igama, wato takardar izinin zama, alhali tawa tana aljihu. Daga aiki sai ɗaki. Inna ta kira, in ce lafiya lau, saƙo na tafe. Barci ya ƙaurace mini, in haɗa shayi ya huce a gabana ban kurɓa ba. Da aka fara kamen marasa takardu a Nuwamban 2013, jiniya kawai zan ji gabana ya faɗi, ni da ban yi laifin komai ba.

Wata Juma'a wani dattijo Bazazzagi ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci. "Yaro, ɗan ina ne kai? Ka rame." Ya ja ni gidansa, aka ajiye mini tuwo da miyar kuka, ban kai loma ta uku ba hawaye ya zubo. A tabarmar nan na ji ashe duk abin da nake haɗiyewa su ma an yi musu. Ranar na yi barci har na makara.

Don haka makonka na farko ka nemi inda mutanenmu ke zama, ka shiga adashinsu ko da kaɗan ne. A gida ka ware mutum ɗaya da za ka riƙa gaya wa gaskiyar halin da kake ciki. In kuma ka shafe mako biyu ba barci ba cin abinci, ka yi addu'a, sannan ka je ka ga likita, kada kowa ya ce maka raunin imani ne.