Shirun Yaro a Gaban Waya Ba Natsuwa Ba Ce

A gidajenmu, idan yaro ɗan shekara biyu ya zauna wuri ɗaya bai taɓa kayan kowa ba, yabonsa ake yi a ce yana da natsuwa; idan kuwa ya kasa zama, yana hawan kujeru yana korar kaji a tsakar gida, sai a ce ƙiriniya ta yi masa yawa. Wannan ma'auni ya girmi wayar salula, sai dai a da babu abin da ke iya zaunar da lafiyayyen yaro tsawon awa biyu in ba barci ko zazzaɓi ba. Yanzu an samu, kuma iyaye da yawa sun karɓe shi hannu bibbiyu, domin yana ba su shirun da aka saba ɗauka alamar tarbiyya.

Ƙanwata ba ta ba ɗanta abinci sai ta jingina waya a jikin kular tuwo ta kunna masa katun. Yaron yana buɗe baki idan ya ji cokali ya taɓa leɓensa, amma idonsa ba ya barin fuskar wayar, kuma da talla ta katse wasan sai ya kai yatsa ya tsallake ta, alhali bai iya ɗaura igiyar wandonsa ba. Da na yi mata magana, cewa ta yi: "Yaya, in ban kunna ba ba zai ci ba, kuma ai ka ji yadda yake ƙirga ɗaya zuwa goma da Turanci." Wannan ƙirgen shi ne hujjar da na fi ji a bakin iyaye, wato waya tana buɗe wa yaro kai.

A shekarar 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington da ke Amurka sun gwada abin a kan jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kawai suke ji a gida. An haɗa wasu da masu jin harshen Sinanci suna yi musu wasa da hira ido da ido, wasu kuma aka nuna musu irin wannan hirar a bidiyo. Waɗanda suka zauna da mutum sun koyi bambance sautukan Sinanci, na bidiyon kuwa ba su fi waɗanda ba su ji harshen ba. Jariri yana ɗaukar magana ne daga wanda ke kallonsa, yana amsa gwarancinsa, yana maimaita masa. Saboda haka kakar da ke zaune tana yi wa jika tawai da waƙa ta fi kowane shiri na YouTube amfani ga bakinsa, ko da ba ta taɓa shiga aji ba.

Akwai kuma masu ganin cewa yaro ƙarami ba ya buƙatar a tanadar masa lokacin motsa jiki, tunda dama shi ba ya zama. Maganar ta yi daidai a zamanin da ƙofar gida take buɗe, yara suna fita langa da wasan ɓuya, 'yan mata suna gaɗa a dandali. Ba ta yi daidai da yaron da ke wuni a ɗaki da falo na haya ba. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsi a yini, kuma ga ɗan shekara 3 zuwa 4, minti 60 daga ciki su kasance na guje-guje da tsalle-tsalle. Game da kallo, hukumar ba ta yarda da shi ba sam ga wanda bai kai shekara 2 ba, daga nan zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne ta ambaci goyo a cikin abubuwan da bai kamata a riƙe yaro da su fiye da awa ɗaya a jere ba. Ba a hana goyo ba, kuma ni ma ba zan so a hana ba. Abin nufi a riƙa sauke yaron ya yi rarrafe, jariri kuma a kifa shi a kan cikinsa yana farke na aƙalla minti 30 a yini.

Ba na ɗora laifin a kan uwa ita kaɗai. Matar da ke girki da wanki da sana'ar hannu, ga mai gida ya fita tun safe, ga labaran satar yara da gudun 'yan adaidaita sahu a cikin lungu, tana da dalilin da zai sa ta fi son ganin ɗanta a kan katifa da waya. Tsoron nan gaskiya ne. Amma uban da ke dawowa bayan isha'i ya miƙa wa yaro wayarsa don ya samu ya huta, ya kamata ya san cewa barcin yaron yake ragewa, domin ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a yini.

Makarantun rainon yara ma suna da nasu kason. Da yawansu gidajen zama ne aka mayar azuzuwa, babu filin da yaro zai yi gudu, kuma iyaye idan sun je neman gurbi tambayarsu ita ce ko ana koyar da kwamfuta. A Taiwan, inda matsalar rashin ganin nesa ta yi ƙamari a tsakanin ɗalibai, gwamnati ta fara ƙarfafa wa makarantu a 2010 su riƙa fitar da yara waje na minti 120 kowace rana, kuma a shekarun da suka biyo baya adadin 'yan firamare masu raunin gani ya fara sauka bayan ya daɗe yana hawa.