Saura kwana 6

Talata, dare ya yi nisa.

Na so in kwanta da wuri, amma maganar Baba ta hana ni.

Da safe lafiya lau. Na sauke yara, na leƙa wurin aiki, ƙarfe 11 na nemi izini. Ko da na isa asibitin da yake jinyar shanyewar ɓarin jiki, an riga an shiga da shi ɗakin gashin ƙashi, sai na tsaya a bakin ƙofa ina leƙe. Taku 7 ya yi tsakanin ƙarafunan nan biyu da ake dafawa, mai gashin tana bayansa, ta riƙe ɗamarar da suke ɗaura masa a ƙugu. Makon jiya 3 ne, su ma da jan ƙafa. Yau ƙafar daman ta bar ƙasa, da idona na gani. Nan take na kira Yaya, muryata har rawa take.

Ina ajiye waya aka ce ana nemana a ofishin kuɗi.

Matar ba ta da laifi, har kujera ta ja mini. Ta ce kwanakin da inshora ta amince za ta biya saura 6. Daga nan komai ya dawo wuyanmu: gado, aikin nas, gashi, magani, har kunzugun dare, kowanne da layinsa a takarda. Ana iya neman ƙarin kwanaki idan likita ya rubuta cewa jikin yana samun ci gaba, amma kada in sa rai da yawa. Na ce mata taku 7 fa ya yi yau. Ta ce za a rubuta. Na ninke takardar na cusa can ƙasan jaka, na biya na wanke fuska kafin in shiga wurinsa.

Yana kan keke, an juya shi wajen taga. Har yanzu harshen yana masa nauyi, sai an kasa kunne sosai.

"Uwata, zauna nan."

Na zauna.

"Nawa ake biya?"

Na ce, "Baba, ka bar wannan, kai dai ka samu sauƙi."

"Tambayarki na yi."

Na ce inshora ce ke biya. Ba ƙarya na yi ba, amma na san ranar Litinin maganar za ta ƙare, shi ma kallon da ya yi mini ya nuna bai gamsu ba. Ya nuna gadon da ke kusa da nasa da hannun hagu, ya ce mai gadon ɗansa ya zo ya tafi da shi ranar Asabar, kuma ba warkewa ya yi ba. Ya ɗan huta, don doguwar magana tana gajiyar da shi. Sannan ya ce, "Ku mai da ni gida. Kada ku cinye kuɗin karatun yara a kan ƙafar tsoho."

Na rasa ta cewa. Sai na tashi na gyara matashin da ake tokare masa hannun dama da shi, wanda dama a gyare yake.

Gida kuma ba yanzu ba, ni na sani. Likita ya zaunar da mu tun ranar farko ya yi mana bayani: a shanyewar ɓarin jiki, mafi yawan abin da zai dawo a watanni 3 na farko yake dawowa, daga nan abin sai ya riƙa tafiyar hawainiya. Ƙwaƙwalwa ce ke sake koyon aikin, kuma da maimaici take koyo, kullum, ba sau ɗaya a mako ba. Mu yanzu muna mako na 5. A gida wa zai ɗaga shi? Mama da nata ciwon gwiwar? Kafaɗar nan in aka ja ta ba daidai ba sai ta goce. Da dare sai an riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito. Ko ruwa sai an zaunar da shi sosai, in ya sarƙe shi ya gangara huhu wata cutar ce daban.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya karya ni a hanyar fita ne, da nas ɗin dare ta tare ni, ta zo karɓar aiki da wuri. Ta ce in yi wa Baba magana, ba ya danna ƙararrawa. Sau biyu tana zuwa juya shi ta tarar da shi a jiƙe, ido biyu, ƙararrawar tana gefen hannunsa mai lafiya. Da ta tambaye shi sai ya ce ai kowane kira rubutawa ake yi a takardar kuɗi.

Ba a rubutawa. Na koma ofishin na tambaya don in tabbatar, ba a rubutawa.

Ashe duk makonnin nan da muke ɓoye masa takardu, muna ganin hutar da shi muke yi, shi yana kwance cikin duhu yana nasa lissafin, da abin da ya zata, ba wanda zai gyara masa. Mutumin da bai taɓa bari mun ji nauyin kuɗin makarantarmu ba. Har taku 7 ɗin nan yanzu ina tunanin ko sauri yake yi ya sauke mana nauyi.

Yaya ya ce a sayar da motarsa. Auta ba ta ɗaga waya ba, na san tana kan aiki.

Gobe ƙarfe 8 zan tare likita kan wasiƙar ƙarin kwanaki. Daga nan in ciro takardar, in zauna kusa da Baba mu bi ta layi-layi, ya gani da idonsa babu ƙararrawa a ciki.