Abin da kiliya ta koya min a kan tankin Boxer ɗina

Mashin ɗin nan Bajaj Boxer ne da yayana ya bar min lokacin da ya koma Kaduna da aiki, da shi nake zirga-zirga kullum daga Tudun Wada zuwa Samaru a nan Zariya, kuma gaskiya inji lafiya lau yake, jikin ne kawai ya gaji, rana ta cinye jan fentin tanki ya koɗe, ga lotsawa a gefen hagu inda ya taɓa faɗuwa. Da na samu hutu sai na ce bari in yi mishi fenti da kaina. Na kwance tanki da sait-koba da madigad, na goge da sanfefa, na cike lotsawar da fila, na fesa firaima, wato fentin share fage, na fesa kala. Duk wannan bai ba ni wata wahala ba. Inda na sha kashi shi ne aikin ƙarshe, wato kiliya, ruwan nan mai kama da gilashi da ake fesawa a saman kala don ya yi sheƙi kuma ya kare fentin daga rana da karce.

Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi kiliya ta gwangwani guda biyu, irin wadda ake girgizawa a danna kai ta fita. Na fesa a tsakar gida, washegari tanki ya fito yana ɗaukar ido har ƙannena suna leƙa fuskarsu a jiki. Kwana huɗu da mayar da shi na tsaya gidan mai, yaron da ke zubawa ya zaro bakin tiyo sai ɗan fetur ya ɗiga ya gangaro gefen tankin, abin da ke faruwa da kowane mai mashin kullum. Na ciro tsumma na share. Wallahi sai na ji tsumman yana kamawa kamar na taɓa ƙaro, da na ɗaga sai ga wurin ya dusashe, zaren tsumman ya manne a ciki, har jan kalar ya biyo. Ban iya cewa komai ba, na biya kuɗina na tafi, amma ranar ko abincin dare ban ci da daɗi ba, sati biyu na yi ina wahalar tankin nan.

Akwai wani dattijo mai fentin motoci a bayan layinmu, abokin mahaifinmu ne tun suna samari, Baba muke ce mishi. Da na fara aikin ban je wurinsa ba don ina so a ce ni na yi da hannuna, wannan karon kam na tura mashin har ƙofar garejinsa. Ya sa farcen babban yatsa ya danna wurin da fetur bai ma taɓa ba, sai ga shatin farcen ya zauna. Ya ce, "Ɗana, ta gwangwani ka sa ko?" Na ce eh Baba. Ya ce in dubi katangar ƙasa da ke gefen garejin, ya ce laka bushewa kawai take yi, ranar da ruwa ya dawo mata sai ta koma laka, amma siminti in ya kama ya kama, ko kogi aka sakar mishi ba zai koma gari ba. Kiliyar gwangwani ta yau da kullum tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ita ce ke tashi ta bar ta a bushe, shi ya sa fetur ke sake narkar da ita. Wadda ake yi wa tanki ita ce mai haɗi biyu, 2K, da ake zuba mata hadna, wato ruwan da ke sa ta tauri, su biyun su haɗu su daskare su zama abu guda. Ban taɓa jin bayanin da ya shige ni kamar wannan ba.

Toh sai aka koma baya. Baba ya ce ba a ɗora 2K a kan ɗanyar kiliyar gwangwani, tana iya cinye ta ƙasan fentin ya yamutse, dole na sake gogewa har firaima, na bi da sanfefa mai lamba 800 da ruwa, aka sake fesa kala. Ya hana ni taɓa tankin da hannu bayan an share shi, ya ce maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa kiliya ta guje wa wurin ta bar ƙananan ramuka kamar idon kifi. Ya sa na buɗe ƙasan kwamfireso, injin da ke tura iskar feshi, na tsiyaye ruwan da ya taru, na yi mamakin yawan ruwan da ya fita mai tsatsa-tsatsa, da ba a zubar ba ta cikin gan, wato bindigar feshin, zai biyo iska ya sauka a kan aikin. Sitikar tankin kuma bayan kala ta bushe aka manna ta, don kiliya ta hau samanta ta rufe gefunan.

Haɗin da ke rubuce a jikin gwangwanin kiliyar 2K da muka saya kashi 2 na kiliya ne, kashi 1 na hadna, sai ɗan tina kaɗan. Baba ya ce kowane kamfani da nasa, a karanta, kar a yi da ka. Da kofin awo muka auna, aka tace, kuma iya wanda za a fesa a lokacin kawai aka haɗa, don da zarar hadna ta shiga agogo ya fara tafiya, 'yan awanni ne ta yi kauri ta daskare a cikin gan ɗin.

A nan zan ɗan tsaya kan maganar takunkumi don abin yana damuna. Hadnar nan tana da sinadarin da ke lalata huhu, yana jawo asma, kuma takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare shi. Yaran gareji da yawa haka suke feshi hanci a buɗe, in sun gama su sha madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji, alhali madara ciki take tafiya, abin da aka shaƙa kuma huhu ya shiga. Na sayi na roba mai matata biyu a gefe, na sa safar hannu da riga mai dogon hannu, kuma duk wanda ba zai iya sayen wannan ba gara ya kai wa mai fenti ya biya.

Lokacin Disamba ne, hunturun Zariya kuwa kowa ya san shi, hazo da ƙura da sanyin asuba. Ba mu fesa da sassafe ba saboda sanyi na hana ta kwanciya da bushewa, muka jira wajen ƙarfe 10 rana ta ɗan ɗaga kafin iska ta yi ƙarfi, muka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, aka kewaye gefen da iska ke shigowa da tamfol. Baba ya miƙo min gan ya ce tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da tanki, kowane layi ya hau rabin na baya, hannu ya riƙa tafiya kafin a danna kuma kar ya tsaya sai an saki. Shafin farko sama-sama, bai yi kyau ba ko kaɗan, kamar fatar lemu, ya ce haka ake so. Muka jira minti 15, ya sa na taɓa salatif ɗin da aka rufe bakin tankin da shi, yana ɗan kamawa amma ba ya jan zare, ya ce yanzu sa na biyu, ka jiƙa shi sosai.

Na biyun nan ne na ga abin da nake nema, kiliya tana sauka tana narkewa a bayan gan ɗin, jan yana ƙara zurfi kamar an zuba mishi ruwa. Sai da na zo kwanar tankin ta wajen gwiwa hannuna ya ɗan tsaya, daƙiƙa ɗaya ce fa, sai ga ta ta taru ta fara gangarowa kamar hawaye. Na kai yatsa zan share, Baba ya cafke wuyan hannuna. "Kar ka soma. Bar ta ta bushe da hawayenta, gyaran wannan na minti 10 ne, in ka taɓa kuma mun koma farko."

Kwana uku tankin na rataye a garejin, kullum in zo in duba in tafi. Ranar na huɗu ya ba ni ɗan katako mai lebur na naɗe da sanfefa 1500, ina jiƙawa da ruwan sabulu ina bin kan hawayen kaɗai a hankali har ya baje, na bi da 2000 ko'ina inda 'yan ƙurar da suka samu shiga suka zauna, wurin ya yi fari-fari ya dusashe, gabana ya faɗi, sai da aka sa kamfawun, wato man goge fenti, aka murza sheƙin ya dawo fiye da da. Ya gargaɗe ni kan gefuna da kaifin tanki, nan kiliya ta fi siranta, goga biyu ka huda zuwa kala. Ya kuma ce kar in shafa mishi folish mai kakin zuma sai bayan wata guda.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. A inda na cike lotsawar nan, tun farko na goge filar da sanfefa mai kaushi ban bi da mai laushi yadda ya kamata ba, a ƙarƙashin firaima ban ga komai ba, amma da kiliya ta hau sai ga siraran layuka uku sun fito, in rana ta bugo ta gefe da yamma ina ganinsu sarai. Baba ya ce in bar su zuwa wani zagayen. Sati biyu na jira kafin na mayar da tankin, na koma gidan man nan dai, fetur ya sake ɗiga a kusan wurin, na share da tsumma ya tafi bai bar komai ba. Sait-koba da madigad har yanzu na gwangwanin ne a jikinsu, da ragowar kiliyar 2K ɗin zan yi su in iska ta ɗan lafa, na riga na sayi sanfefar.